Kafin Manhaja Ta Iso Farcha, Wa Ya Gwada Mana Ita?

 Gaisuwa ga na nan Farcha da sauran unguwannin Njamena, da 'yan'uwa na tsallaken ruwa a Kusuri, har zuwa Fotokol da Gamborun Ngala da duk inda muryar nan take kaiwa. Iyayenmu da ke kusa da rediyo, don Allah kada a tashi. Maganar yau ta kwamfuta ce, amma akwai shanu a cikinta.

Ga abin da ya kawo zancen. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai dai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗan da kwamfutoci da yawa ba su cika ba, musamman na gwanjo, waɗanda su ne suka fi yawa a hannunmu, a shagunan buga takardu, a ofisoshin makarantu, da cikin jakar ɗalibai. Shi ya sa yanzu in ka kai kwamfuta wurin mai gyara, ba mamaki ya ce maka, "Alhaji, a sa maka Linux mana, kyauta ce, kuma ba ta da nauyi." To mutuminmu in ya ji an ce kyauta, sai ya fara waige-waige. Tambayar da ake yawan yi mana ke nan: abin da 'yan sa-kai suka haɗa, ba kamfani ɗaya da za ka riƙe, wa ya gwada shi? In na zuba masa lissafin shagona, ko kundin kammala karatuna, ba zai ba ni kunya ranar da na fi buƙatarsa ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa.

Mece ce Linux ɗin?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wato wadda take tashi da farko in ka kunna, sauran manhajoji duk a kanta suke zama. Windows babbar manhaja ce ta kamfani. Asalin rubutun da aka gina ta da shi yana kulle a hannun kamfanin. Akwai kuma buɗaɗɗiyar manhaja, wadda rubutunta yake a fili: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ba tare da ya karya doka ba.

A shekarar 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyar irin wannan babbar manhaja, ita ce Linux. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, wato haɗakar 'yan sa-kai masu tattara wannan zuciya da dubban ƙananan manhajoji su mai da su abu guda da mutum zai iya sa wa kwamfutarsa. Yau Debian tana ɗauke da ƙunshin manhaja sama da 60,000. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu, wadda aka gina a kan Debian. Linux Mint kuma, da masu gyara suke yawan sa wa mutane, a kan Ubuntu aka gina ta. Wanda yake ganin bai taɓa taɓa Linux ba, ya duba aljihunsa: duk wayar Android zuciyar Linux ce a cikinta.

Darasi daga ɗakin binciken dabbobi

Kafin mu shiga yadda ake gwada wannan tarin manhajoji, bari mu leƙa maƙwabta. Nan Farcha muna da ɗakin binciken lafiyar dabbobi tun zamanin Faransa, wanda yau ake kira IRED, inda aka daɗe ana haɗa allurar rigakafin cututtukan dabbobi. Iyayenmu makiyaya sun san ciwon bushiya, annobar da take share garke ta bar mutum da sanda kawai. A 1962 aka fara gangamin haɗin gwiwa na yi wa shanu rigakafinta a ƙasashe huɗu na yankin Tafkin Chadi, wato Chadi, Kamaru, Nijar da Nijeriya. Yaƙin ya ɗauki shekaru, ya yi gaba ya yi baya, sai a 2011 aka sanar cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya.

To ita allurar rigakafi, ba a haɗa ta yau gobe a soka wa shanun ƙasa duka. Ana fara duba ta a ɗakin bincike, a tabbatar ba ta gurɓata ba. Sannan a gwada ta a kan dabbobi kaɗan a zuba musu ido. In ba a ga illa ba, kuma an ga tana aiki, a lokacin ne ake sakin ta ga jama'a. Waɗancan dabbobi kaɗan na farko su suke ɗaukar kasadar, don garken Malam Bafulatani da ke can daji ya kwana lafiya. Ku riƙe wannan a zuciya, don haka abin yake a manhaja.

Zango uku

A Debian, kowace sabuwar manhaja sai ta yada zango uku kafin ta iso hannun mai shago.

Zangon farko sunansa Sid. An ɗauko sunan ne daga fim ɗin yara na Toy Story, inda Sid yake yaron maƙwabta mai ɓalla kayan wasa. Sunan kaɗai ya ishe ka gargaɗi. A nan ake fara sauke duk sabon abu, ɗanye, kusan kullum. Masu zama a wannan zango sun san yau firinta na iya aiki gobe ta ƙi, kuma da saninsu suka zauna, don su ga matsalar su kai rahoto.

Zango na biyu shi ne zangon gwaji. Ƙunshi ba ya wucewa daga Sid zuwa nan sai ya cika sharuɗɗa. Sai ya yi kwana 2, ko 5, ko 10, gwargwadon gaggawarsa, ba a kawo ƙarar wani babban aibi a kansa ba. Sai ya ginu a kan nau'o'in kwamfutar da aka saba gina shi. Sai kuma an tabbatar shigowarsa ba za ta karya wasu manhajojin da suka dogara da shi ba. Na'ura ce take duba waɗannan sharuɗɗa, ba sani ba sabo.

Zango na uku shi ne tsayayyen zubi, wanda ake sakin sabonsa kusan duk bayan shekara 2. Watanni kafin a sake shi, sai a shiga lokacin kulle: a fara rufe ƙofa sannu a hankali, har a kai inda ba a karɓar sabon abu sam, sai gyaran aibi kawai. Akwai jerin manyan aibobi da ake ƙirgawa a fili, kowa na gani. Manhajar da aibinta ya ƙi gyaruwa, sau da yawa cire ta ake yi gaba ɗaya. Da haka Debian 12 ta fito ranar 10 ga Yuni 2023, Debian 13 kuma ranar 9 ga Agusta 2025. Kowace tana samun gyaran tsaro na kimanin shekara 5.

Ubuntu tsarinta ya ɗan bambanta. Tana fitar da zubi duk wata 6, a Afrilu da Oktoba. Amma duk bayan shekara 2, na watan Afrilu yakan zo da alamar haruffa uku, LTS, ma'ana mai dogon wa'adi, shekara 5. Wato 22.04 da 24.04 irin su ne. Na tsakanin kuwa wata 9 kawai ake kula da su.

Ita kanta zuciyar Linux haka ake yi mata. Ana buɗe ƙofa mako 2 a karɓi sababbin abubuwa, sannan a rufe, a riƙa fitar da zubin gwaji mako-mako, galibi har sau 7, kafin a ce ta nuna. Kusan duk mako 9 ko 10 sabuwa take fitowa.

Kuma ba mutane kaɗai ke gwaji ba. Akwai kwamfutocin da aikinsu dare da rana shi ne su gina manhaja, su kunna ta, su ga ko ta faɗi. Mutanen openSUSE sun ƙirƙiri wata mai suna openQA, wadda take sa babbar manhaja da kanta, tana danna maɓallai kamar mutum, tana kwatanta abin da ya fito a allo da hoton da ya kamata ya fito. Amma na'ura abin da aka ce ta duba kaɗai take dubawa. Ga labarin da zai nuna mana haka.

Rabin sakan

Akwai wata 'yar manhaja mai suna xz. Aikinta matse fayil ya rage girma. Ba wanda yake tunawa da ita, amma tana cikin kusan kowace Linux. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne yake kula da ita, ba albashi, har aikin ya yi masa yawa. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya bayyana yana taimakawa. Sama da shekara 2 yana turo gyare-gyare masu kyau, yayin da wasu sunaye suke matsa wa mai kulawar lamba cewa aiki ya tsaya, ya nemi mataimaki. A ƙarshe aka ba Jia Tan amana. A watannin Fabrairu da Maris 2024 ya fitar da zubi biyu, 5.6.0 da 5.6.1, ya ɓoye ɓarauniyar hanya a ciki. An tsara ta ne ta yadda mai riƙe da wani makulli na sirri zai iya shiga uwar garke daga nesa ya ba ta umarni, ta hanyar SSH, wato ƙofar da ma'aikata suke bi su kula da manyan kwamfutocin bankuna, kamfanonin waya da ma'aikatu.

Gwajin na'ura bai kama ta ba, domin a cikin fayilolin gwajin kansu aka ɓoye ta. Ta shiga Sid, ta wuce zangon gwaji na Debian, ta shiga zubin gwaji na Fedora.

Wanda ya kama ta wani injiniya ne Bajamushe, Andres Freund, mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL. Ba ɓarawo ya fita nema ba. Yana auna saurin aikinsa ne a kan kwamfuta mai Sid, sai ya lura shiga ta SSH tana cin ƙarfin na'ura fiye da yadda ya saba, kuma tana ƙara jinkirin kusan rabin sakan. Jama'a, rabin sakan fa. Mu nan da muka saba jiran shafi ya buɗe har shayi ya huce, wa zai kula? Shi ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya bi diddigi har ya tono ta, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024. Nan da nan aka janye zubin biyu. Ubuntu ta ɗage fitar da zubin gwajin 24.04 da mako guda don ta sake gina manhajojinta.

Abin lura a nan: ɓarauniyar hanyar ba ta taɓa isa tsayayyen zubin Debian 12 ba, ba ta isa Ubuntu mai dogon wa'adi ba. Mai shagon da ke kan tsayayyen zubi ya yi barcinsa bai ma san an yi ba. Tsohon zubin xz ne a kwamfutarsa, kuma wannan tsufan shi ya tsare shi. Wanda ya zauna a zangon farko ya ɗanɗana masa, ya tofar.

Tsayayye ba ya nufin marar aibi

Kada kuma wani ya tashi daga nan ya ce rediyo ta ce Linux ba ta kuskure. Tana yi. A 2006 wani mai kula da ƙunshin OpenSSL a Debian ya cire wasu layuka don ya kashe ƙorafin da wata manhajar gwaji take yi. Ashe layukan nan su ne suke sa makullan sirri su fito daban-daban ta yadda ba za a iya cankar su ba. Da aka cire su, makullan da za su iya fitowa suka koma kimanin 32,000 kacal a kowane nau'i, abin da kwamfuta za ta gwada ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci. Wannan aibi ya wuce zango uku duka, ya shiga tsayayyen zubi, ya shiga Ubuntu, ba a gano shi ba sai a watan Mayu 2008, lokacin da Luciano Bello, ɗan ƙasar Ajantina, ya tono shi. Haka kuma a Disamba 2023, ranar da za a saki Debian 12.3, aka gano wani aibi a zuciyar Linux mai iya lalata bayanan da ke cikin faifai. Aka dakatar da sakin, aka gyara, aka fito da 12.4 a madadinta.

To in haka ne mene ne amfanin tsayayyen zubi? Amfaninsa shi ne ba ya sauya maka hali. Yadda ka bar shi jiya haka za ka same shi yau. Maɓallin da yaron shagonka ya koya yana nan inda yake. Firintar da ta yi aiki a azumin bara za ta yi a na bana. Aibobin da suka rage galibi an san su, an san yadda ake kauce musu. Kuma in an samu matsala a fili ake faɗa, da rana da lamba, kamar yadda kuka ji na karanto muku.

Ba a duniyar 'yan sa-kai kaɗai ake tuntuɓe ba. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani gyara ga abokan cinikinsa a lokaci guda, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 suka ƙi tashi, bisa ƙididdigar Microsoft. Jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna. Kamfani ne mai kuɗi da ma'aikata, amma ya yi wa garke duka allura rana ɗaya. Bayan abin ya faru ya ce zai koma tura irin wannan gyara kashi-kashi. Sauri ya haifi nawa.

Abin da mai gwaji na Turai ba zai gani ba

Mu koma kan shanu kaɗan. Allurar bushiya da Walter Plowright ya haɗa a Kenya allura ce mai kyau ƙwarai, amma tana son sanyi. In ta sha zafi a hanya sai ta mutu, a soka wa sa ruwa kawai. Ka ga a takarda ta ci gwaji, a dajinmu kuwa tana iya faɗuwa. Sai da wani likitan dabbobi Ba'amurke, Jeffrey Mariner, da abokan aikinsa suka gyara yadda ake busar da ita, ta zama tana jure kimanin wata guda ba firji. A Nijar aka gwada ta a fili, a cikin irin zafinmu. Da ita aka kai ga garkunan da mota mai firji ba ta isa.

Manhaja ma haka. Akasarin masu zama a zangon gwaji suna Turai da Amurka, da sababbin kwamfutoci, da wutar da ba ta ƙiftawa, da intanet mai gudu. Ba mugunta ce ta sa ba su ga matsalarmu ba. Ba ta taɓa faruwa a ɗakinsu ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga misalai. A watan Afrilu zafin Njamena yana haura 40, ga ƙura ta toshe fankar kwamfuta. Yaya babbar manhajar take yi in na'ura ta ɗau zafi, tana rage gudu cikin hankali ko mutuwa take yi farat ɗaya? Ga tashar wuta nan a Farcha, amma kowa ya san yadda wuta take zuwa take tafiya. In ta ɗauke ana tsakiyar sabunta manhaja, kwamfutar za ta tashi? Takardunmu na hukuma da Faransanci da Larabci ake rubuta su, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama, wani lokaci a layi guda. In an buga a LibreOffice aka mai da shi PDF, lambobi da baka suna zama inda ya kamata? Ga Hausa da haruffanta masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Linux tana da tsarin maɓallan Hausa na Nijeriya, amma a kan jerin QWERTY aka gina shi, mu kuwa da yawan kwamfutocinmu AZERTY ne irin na Faransa. Wa zai ce akwai gyara a nan, in ba wanda yake buga takardar gayyatar biki da Hausa a Farcha ba?

Sannan ga tsofaffin na'urori. Debian 13 ta daina fitar da faifan sawa na tsofaffin kwamfutoci masu bit 32. Debian 12 ce ta ƙarshe da take ɗauke da su sosai. A aikin sa-kai, ɓangaren da ba a jin motsin masu amfani da shi, kuma ba wanda ya tsaya masa, shi ake fara saukewa. Irin waɗannan na'urori kuwa sun fi yawa a ƙasashe irin namu.

Kuma ƙofar a buɗe take ga ɗan Afirka. A 2016 a birnin Cape Town aka yi babban taron shekara na Debian, kuma daga 2020 zuwa 2024 ɗan Afirka ta Kudu ne, Jonathan Carter, yake shugabantar ta, ta hanyar zaɓe.

To me za mu yi?

Masu sauraro kashi biyu ne a wannan magana, kuma shawarar kowa daban.

Kashi na farko, wanda kwamfutarsa ita ce gonarsa: mai shagon buga takardu, akawun makaranta, mai kantin magani, ɗalibar da take rubuta kundinta. Yayana, in mai gyara ya ce zai sa maka Linux, tambaye shi wace iri, kuma wane zubi. In Debian ce, ka ce tsayayyen zubi kake so. In Ubuntu ce, ka ga haruffan LTS da idonka. In ya ce maka ga wata sabuwa dal da take sabunta kanta kullum, irin Arch ko Sid, ka ce masa ya sa wa tasa. Irin waɗannan kusan kullum akwai abin saukewa, kuma kowa ya san kuɗin intanet a ƙasar nan. Tsayayyen zubi kuwa akasari ƙananan gyaran tsaro ne.

Kafin a goge komai, a tashi kwamfutar daga filas. Linux tana iya aiki daga filas ba tare da ta taɓa abin da ke cikin faifanka ba. Ka gwada firintarka, ka gwada haɗa ta da intanet ɗin wayarka, ka buɗe takardun Word ɗin da abokan cinikinka suka saba kawowa, ka buga Larabci, ka saurari sauti. Gani ya kori ji. In wani abu bai yi ba, gara ka sani yau. Sannan ka kwafe duk fayilolinka a wani wuri daban kafin a fara. Bayan an sa, kada ka ƙi karɓar gyaran tsaro, amma ka zaɓi lokacinsa: batir a cike ko janareta a kunne, kuma ba daren da gobe za a miƙa aiki ba. Filas ɗaya kuma ya ishi unguwa, tunda lasisin ya halatta kwafa. Mutum ɗaya ya sauke, goma su amfana.

Kashi na biyu, ƙannena da abokaina ɗaliban tsangayar kimiyya ta Jami'ar Njamena da ke nan Farcha, da yaran shagunan gyara, da duk mai tsohuwar kwamfutar da ba abincinsa ne a cikinta ba. Ku ne za ku iya zama masu ɗanɗana mana. Sa zubin gwaji a kan waccan ta biyun, ka yi amfani da ita yadda muke amfani da kwamfuta a nan, cikin zafi da ƙura da ɗaukewar wuta. In ka ga matsala kada ka tsaya a zagi. Debian tana da manhaja mai suna reportbug da take taimaka maka ka rubuta rahoto, Ubuntu tana da ubuntu-bug. Rubutu ne kawai, ba ya cin kuɗin intanet sosai.

Rahoto mai amfani abu huɗu yake faɗa: ga abin da na yi mataki-mataki, ga abin da na sa ran zai faru, ga abin da ya faru, ga kuma nau'in kwamfutata da lambar zubin da ke kanta. Ka sake gwadawa ka ga ko matsalar tana maimaituwa, don wadda take maimaituwa ita ce mai saurin gyaruwa. Ka duba ko wani ya riga ka kai ƙarar, in ya riga ka sai ka ƙara bayaninka a kan nasa. Da Ingilishi ake rubuta akasarinsu, amma gajerun jimloli sun wadatar, ba jarrabawar nahawu ba ce. Kada ka sa kalmar sirrinka ko takardar wani a ciki, domin rahoton a fili yake zama. In an dawo maka da tambaya ka amsa, don rahotanni da yawa a nan suke mutuwa. Kuma ka yi haƙuri, wanda zai karanta ɗan sa-kai ne kamarka, wataƙila sai ya taso daga aikinsa da dare.

Ba sai ka iya rubuta manhaja ba kafin ka yi wannan. Kuma akwai riba a ciki, domin rahoton da ka rubuta yana nan da sunanka, mai neman ma'aikaci a ko'ina yana iya gani ya san ka iya bin diddigin matsala.

Jama'a, mai tambaya ya ce wa ya gwada. Amsar ita ce mutane ne da yawa, da na'urori masu yawa, zango bayan zango, kuma wanda ya zauna a tsayayyen zubi yana cin moriyar wahalarsu. Abin da ya rage shi ne gwajin irin namu, na zafi da wuta da harsunanmu, wanda ba mai yi mana shi daga nesa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nan za mu dasa aya. Wanda ya gwada Linux a shagonsa ko makarantarsa, daga wannan gaɓar kogi ko waccan, ya aiko mana da abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, za mu karanta a fili. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.